Ruwan Gishiri Ma Yana Yin Tsami: Abin Da Ke Kashe Kifi A Tankin Gilas

Daga Gedambaliya zuwa bakin teku tafiyar fiye da kilomita 700 ce. Sai ka bi ta Gadarif, ka wuce Kassala, ka ratsa Hayya, sannan mota ta gangara duwatsu ta sauke ka a Bur Sudan. Mu nan mutanen baƙar laka ne, a yankin da aka fara noman tarakta a Sudan tun tsakiyar shekarun 1940. Abin da muka sani dawa da riɗi, sai ruwan hafir da na jarkar mai jaki. Don haka duk wanda ya ga kan wannan rubutu ya ce ina ruwan biri da gada, ban ga laifinsa ba.

Amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya watsa mu inda ba mu taɓa zato ba. Ma'aikatun gwamnati da ofisoshin ƙungiyoyi sun koma Bur Sudan, samarinmu kuma suka bi baya neman na tuwo. Wasu suna dako a tashar jiragen ruwa, wasu suna wanke-wanke a gidajen abinci da masaukai. A irin waɗannan wurare ne akan ga tankin gilas cike da ruwan teku, wanda Larabawa ke ce wa haud, da kifaye masu launi iri-iri suna yawo a ciki don su ja hankalin baƙo. Maigida ne ya saya, amma ƙaramin ma'aikaci ne ke dawainiya da shi, kuma ran da kifi ya juya ciki sama, albashin ƙaramin ake taɓawa. Ga kuma waɗanda suka fara kiwon tarwaɗa da bulti a tankunan roba a bayan gidajensu nan cikin jiha. Ruwansu ba na gishiri ba ne, amma dokar da ke aiki a wancan ita ke aiki a wannan.

Lambar da ake tsoro

Duk mai ajiye tankin ruwan teku ya san wata lamba da ake kira pH. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak, Soren Sorensen, shi ya fito da ita a 1909. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14 da ke nuna ko abu ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Bakwai ce tsakiya. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan sama mai tsabta yana wajen 5.6, jinin mutum 7.4, ruwan teku kuwa kimanin 8.1. Wato teku ya ɗan karkata wajen kanwa. In an ce ruwan tanki ya yi tsami, ba wai ka ɗanɗana ka ji tsamiya ba. Ana nufin ya sauko daga inda ya kamata ya tsaya, misali daga 8.2 zuwa 7.7.

Ɗalibaina kan raina wannan bambanci. Sai yaro ya ce, Malam, rabin lamba kawai? To ai ma'aunin ba irin na tiya ba ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwan da ke kan 7 ya fi wanda ke kan 8 tsami sau goma. Saukowar 0.3 kawai ta ninka tsamin sau biyu, rabin lambar da ake rainawa kuwa ta ninka shi sau uku da ɗoriya. Jinin ɗan Adam ba ya yarda ya fita daga 7.35 zuwa 7.45. In ya sauka zuwa 7.0 sai asibiti, in ma an kai. Halittun teku ma an yi su ne cikin ruwan da ba ya yawan jirkita, saboda teku babba ne. Tankin lita 200 ba babba ba ne.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ita lambar zazzaɓi ce, ba ita ce cutar ba. Kifi da yawa suna iya zama a 7.8 ba abin da ya same su. Waɗanda ke fara jin jiki su ne masu gina ɓawo da ƙashi daga ruwa, kamar murjani da dodon koɗi da ƙaguwa. Abin da ke kashe kifin shi ne abin da ya sauko da lambar, ko kuma maganin da aka ɗura a gaggauce don a mayar da ita.

Tanki yana shaƙar iskar ɗaki

Wani tsohon ɗalibina yana aiki a wani gidan gasa kifi a Bur Sudan. Ya kira ni wata rana bayan isha, muryarsa a sanyaye.

"Malam, an ce kai ne ka san kimiyya. Kifi uku ke nan cikin sati biyu, kuma maigida ya ce na gaba daga kuɗina za a cire."

Na ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Me ma'aunin ke nunawa?"

"Da safe 7.6. Maigida ya sayo wani farin gari ya ce in riƙa zubawa kullum. In na zuba sai lambar ta hau, gari na wayewa ta dawo."

Ban tambaye shi abincin kifi ko gishiri ba. Na tambaye shi ɗakin. Ya ce zaure ne mai na'urar sanyaya iska, ƙofa a rufe, tagogi a liƙe saboda zafi. Wanda ya san Bur Sudan da bazara ya san ba a wasa da wannan, ana haura digiri 40. Da dare zauren kan cika da mutane. Ta ƙofar baya murhun gawayi ne ke ci tun la'asar, a gefensa kuma janareta.

Ga yadda abin yake. Iskar da muke fitarwa in mun numfasa, wadda littafin makaranta ke kira kabon dayoksaid, ni kuma zan kira ta iskar kabon, tana narkewa a ruwa. In ta narke sai ta zama wani ruwan tsami mai rauni. Ita ce kumfar da ke cikin lemon kwalba. Ruwan tanki kullum yana musaya da iskar da ke samansa: in kabon ya yi yawa a sama sai ya shiga ruwa, in ya yi ƙaranci sai ya fito, kamar yadda lemon da aka bari a buɗe ke salancewa. A waje, a cikin kowane ɓangare miliyan na iska, kabon yana da ɗan fiye da 420. A ɗakin da aka rufe da mutane a ciki, wuce 1,000 ba komai ba ne, wani lokaci har 2,000. Baligi ɗaya yana fitar da kusan kilo guda na wannan iska a yini. Ka ƙara gawayi, ka ƙara gas ɗin girki. Duk lokacin da kabon na ɗaki ya ninka, pH na ruwan teku yana saukowa da abin da ya kusa 0.3. In ya ninka sau huɗu, an tashi daga 8.1 an doshi 7.6. Lambar yaron ke nan, ba tare da kowa ya zuba komai a tankin ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da masu wannan sana'a ke yi, shi na sa shi ya yi. A ɗebo ruwan tankin a kofi biyu. Ɗaya a kai shi waje, nesa da hayaƙi, a saka masa tiyon famfon iska ya yi ta kumfa na tsawon awa guda. Ɗayan a yi masa haka a cikin ɗakin. Sai a auna duka biyun. In na waje ya hau, na ciki bai motsa ba, iskar ɗaki ce mai laifi. In duka biyun sun hau, to ɗakin lafiya yake, tankin ne ba ya samun numfashi: an rufe shi da murfi, ko fuskar ruwan a kwance take kamar ta randa, ko maiƙo ya lulluɓe ta. In kuwa babu wanda ya hau, matsalar tana cikin ruwan kansa, za mu zo kanta.

Washegari ya aiko mini da hoto. Kofin da ya kai saman soro ya nuna 8.1, na cikin zaure 7.7.

Da an ce masa ya ƙara famfo ya motsa ruwa, kamar yadda mutane ke saurin ba da shawara, da bai tsinana komai ba, don ƙara motsi a ɗaki mai cike da kabon ƙara ɗura wa ruwan kabon ne. Abin da ya yi shi ne ya nemi izini a riƙa buɗe ƙofa da tagogi bayan an tashi har zuwa safiya, ya kuma zaro tiyon da na'urar kumfa ke zuƙar iska da shi ta wata kafa zuwa waje, ɓangaren da ba janareta. Ya daina zuba garin nan, ya canja wani kaso na ruwan. Lambar safe ta koma wajen 7.9, ta tsaya nan. Ba ta kai ta teku ba, kuma ban ce ya bi ta da gudu ba, don 7.9 da ke tsaye ta fi 8.3 mai hawa da sauka.

Bari in ɗan kauce. Tun da Madani ta faɗi a Disambar 2023, gidajenmu da yawa sun cika da baƙi, ɗakin mutum huɗu ya koma na goma sha biyu. Da sanyi kuma akan shigo da murhun gawayi ciki don jabana ko don ɗumi, a rufe ƙofa. Abin da ke damun kifi a nan iskar kabon ce, amma gawayi yana fitar da wata ƙanwarta wadda ta fi ta mugunta, ba wari ba launi, tana kashe mutum cikin barci. Wannan ba maganar tanki ba ce, maganar rai ce. Kada gawayi ya kwana a ɗaki rufe.

Na biyu a cikin masu kawo kabon su ne mazauna tankin da kansu. Kifi yana numfashi, ƙwayoyin bakteriya suna numfashi. Da rana gansakuka da murjani mai rai suna zuƙe kabon saboda haske, lamba ta hau. Da dare kowa fitarwa yake yi, lamba ta sauka. Shi ya sa mafi ƙanƙantar lamba ana samun ta gab da asuba, mafi girma kuma da yamma kafin a kashe fitila. Bambancin 0.1 ko 0.2 tsakaninsu ba abin tada hankali ba ne. Wanda ya auna yau da asuba, gobe da la'asar, ya ce ruwansa ya haukace, shi ne bai tsayar da lokaci ba.

Inda abin ke zama bala'i shi ne ɗaukewar wuta. Mun san kahraba a ƙasar nan, ba sai an yi bayani ba. Da famfo ya tsaya, fuskar ruwa ta kwanta, kabon ya fara taruwa, iskar oksijin ta fara ƙarewa, kuma ruwa mai ɗumi da gishiri dama ba ya riƙe oksijin da yawa. Da safe a tarar da kifi a mace, a auna, a ga lamba ta faɗi, a ce tsami ne ya kashe shi. Shaƙewa ce ta kashe shi, tsamin shaida ne kawai da aka tarar a wurin. Ƙaramin famfon iska mai batir ya fi duk wani gari da ake sayarwa a kwalba amfani. In babu, a ɗebi ruwan da moɗa a riƙa kwararo shi daga sama lokaci-lokaci har wuta ta dawo.

Kanwar da ke cikin ruwa

Duk macen da ta taɓa dafa yakuwa ta san in tsami ya yi yawa ana jefa 'yar kanwa ta kashe shi. Ruwan teku yana da tasa kanwar narke a ciki, sinadarin bikabonat da kabonat, dangin abin da ke cikin kanwa ko atrun da ake sayarwa a kasuwar Gadarif. Aikinta ta tare duk tsamin da ya shigo. Ni ina kiranta rumbun ruwa. Ana auna ta da wani ma'auni daban mai suna dKH. Ta teku tana wajen 7, masu tanki kuma suna riƙe tasu tsakanin 7 da 11.

Rumbu kuwa ana cin sa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai bakteriya masu amfani a cikin duwatsu da matatar tanki da ke juya ta zuwa naitiret, wanda ya fi sauƙi. Amma ba kyauta suke aikin ba, suna sakin tsami. Kowane giram na naitirojin da suka sarrafa yana cinye abin da ya kai giram 7 na farin dutse daga rumbun. Murjani mai rai da dodon koɗi su ma suna ɗiba don gina jikinsu. In kifi ya yi yawa, hannu ya yi nauyi wajen zuba abinci, aka yi watanni ba a canja ruwa ba, rumbun yana raguwa a hankali ba tare da lambar pH ta nuna wani abin tsoro ba. Ran da ya ƙare sai ta faɗo lokaci guda. Wannan shi ne ruwan da ko ka kai shi saman soro ka hura masa iska ba zai hau yadda ya kamata ba.

Maganinsa a fili yake: rage abinci, kwashe abin da ya ruɓe, canja kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan a kai a kai. Mutanen Bur Sudan ma sun yi sa'a, teku na bakin ƙofa, in dai an ɗebo nesa da tashar jirage da magudanar gari. In an auna aka ga rumbun ya yi ƙasa, bikabonat ɗin nan na kanti da ake sa wa ƙullin fulawa yana cike shi: kimanin giram 3 a lita 100 yana ɗaga shi da dKH ɗaya, kuma kada a wuce haka a yini. Kanwar kasuwa ban yarda a jefa ta ba, don tana tafe da ƙasa da wasu gishirai da ba wanda ya auna.

Yanzu sai a gane abin da farin garin maigidan can ke yi. Irin waɗannan garuruka kanwa ce aka tace. Rumbun tankin a cike yake, iska ce matsalar, amma kullum ana ƙara masa. Lamba ta yi tsalle na 'yan awoyi, kabon na ɗaki ya sake shiga ya danne ta, a sake zubawa. Rumbun ya yi ta kumbura har sinadarin kalsiyam da ke ruwan ya fara daskarewa, ya bar farin ɓawo a jikin gilas da cikin famfo. Kifin kuma kullum ana wurga shi tsakanin lamba biyu. Akwai abin da ya fi wannan ma. Amoniya tana da fuska biyu, mai guba da mai sauƙi, kuma pH ne ke raba su. A ruwan daɗi mai ɗumin digiri 25, a kan 7 mai gubar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, a kan 8 ta kai wajen 5, a kan 9 ta haura kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ɗaga lamba farat ɗaya a tanki mai datti, da hannunsa ya buɗe wa gubar ƙofa.

Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon zance. Ruwan da zafi ya ƙafar ana cike gurbinsa da ruwan daɗi, ba na teku ba, don gishiri ba ya tashi sama. Ruwan daɗi kuwa a Bur Sudan tsada gare shi, balle tun da madatsar Arba'at ta ɓalle a Agustan 2024, don haka akan zuba duk wanda aka samu, har mai warin kulorin. A bar shi ya kwana a buɗe da kumfar iska kafin a zuba. Wanda yake haɗa ruwansa da gishirin kanti na musamman, in ya tsinka shi da yawa don ya yi auki, rumbun ma ya tsinke. Gishirin miya kuwa ba ya yin ruwan teku ko kusa. Sannan shi kansa ma'aunin yana ƙarya. Na lantarki yana so a riƙa daidaita shi da ruwan gwaji na 7 da na 10, kuma in bakinsa ya bushe a aljihun tebur ya lalace. Takardar gwaji mai canja launi ba ta iya bambanta 7.8 da 8.1 yadda za a dogara da ita. Kafin a zuba komai a tanki, a gwada da ma'auni na biyu.

A aji ina nuna wa yara wannan duka da kayan da ba su kai kuɗin shayi ba. Ruwan karkade, wato zoɓo, in ka ɗiga masa lemun tsami sai ya ƙara ja, in ka ɗiga ruwan kanwa sai ya koma kore-kore mai duhu. Wannan yana nuna musu hannun dama da hagu na ma'aunin, ko da yake ba ya ba da lamba. Wanda ya fi burge su shi ne na jir ɗin da muke shafe bango da shi. A jiƙa shi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama garai-garai a kofi, a ba yaro tsinken shan lemo ya hura, a gargaɗe shi kada ya zuƙa. Ruwan zai yi fari kamar an zuba madara, wato numfashinsa ya haifi farin dutse. In ya ci gaba da hurawa bai gaji ba, farin zai fara washewa, don kabon ya yi yawa har ya narkar da dutsen da ya haifa. Ɓawon ƙwai a cikin khal ma yana kumfa har ya narke. Allin aji dai kada a gwada da shi a gaban yara, da yawansa yanzu na jibs ne, sai ya zauna a kofi ya ba malami kunya.

Wannan farin dutse shi ne ƙashin murjani. Kakanninmu da suka bi hanyar hajji a ƙasa suka tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda sun kwana a gindin gidajen da aka gina da shi, kuma murjanin da ya ƙuntata mashigar Sawakin yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka gina Bur Sudan tsakanin 1905 da 1909. Kimanin kilomita 25 daga gaɓa akwai Sanganeb, zoben murjani a tsakiyar ruwa, can arewa kuma akwai Dungunab inda ake samun ɗan'uwan ayu na teku. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2016. Abin da ke faruwa a zauren can yana faruwa da su a hankali. Kafin zamanin masana'antu kabon na iska yana wajen 280. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna shi a dutsen Mauna Lowa na Hawai a 1958 yana wajen 315, yau ya wuce 420. Teku yana shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane ke fitarwa, lambarsa kuma ta sauko daga kusan 8.2 zuwa 8.1, wato tsaminsa ya ƙaru da abin da ya haura kashi 25 cikin ɗari. Bahar Maliya tana da ɗan rangwame, don zafi yana ƙafar da ita sosai, gishirinta ya kai giram 40 a lita a arewa alhali na sauran tekuna 35 ne, rumbunta ma ya fi kauri. A ganina ɗumamar ruwa da hannun mutane sun fi kusa da murjaninmu fiye da tsami. Wanda ya fasa murjani mai rai da guduma don ya ƙawata tankin da ba zai iya riƙe shi wata uku ba, ya yi ɓarnar da kabon zai daɗe bai yi ba.

Mu dawo gida, ga masu tarwaɗa da bulti. Kifin ruwan daɗi ya fi haƙuri, daga 6.5 zuwa 9 yana rayuwa. Laka irin tamu ta karkata wajen kanwa, don haka kududdufin da aka haƙa a ƙasa ba kasafai yake yin tsami ba. Nasa haɗarin ta ɗaya gefen yake zuwa: in ruwa ya yi kore shar, da la'asar lamba kan haura sama, amoniya ta yi kaifi, da asuba kuma oksijin ya ƙare ka ga kifi ya taru a sama yana haki. Sabon tankin siminti shi ma yana sakin kanwa mai ƙarfi, sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa kafin a sa kifi. Wanda ke cikin haɗarin tsami na gaske shi ne mai tankin roba da ya cika shi da ruwan indararo da damina don ya huta da kuɗin jarka. Ruwan sama ba shi da rumbu ko kaɗan. Ka cusa masa tarwaɗa ɗari biyu kana ciyar da su safe da yamma, cikin 'yan kwanaki lamba za ta iya faɗowa ƙasa da 6, kifi ya daina cin abinci, su kansu bakteriyan masu amfani su ja baya. A gauraya shi da ruwan rijiya, a kuma sa dakakken farin dutse ko wankakken ɓawon ƙwai a ƙaramin buhu a inda ruwa ke gudana, yana narkewa ne daidai gwargwadon tsamin da ya taso.

Sai batun 'ya'yan kifi da ake kawowa daga nesa a leda ɗaure. Awoyin da suka yi a hanya numfashinsu ya cika ruwan da kabon, lamba ta sauka, kuma wannan saukar ce ta riƙe amoniyar da suka tara a fuskarta mai sauƙi. Da ka kwance ledar kabon zai fara fita, lamba ta hau, gubar ta farka. Don haka a ɗora ledar a kan ruwan tanki tana ɗaure na minti 15 zuwa 20 har ɗumi ya daidaita, sannan a kwance, a kwashe kifin da rariya a saka shi ba tare da jinkiri ba. Ruwan ledar a zuba shi a gindin bishiya.